Ba Mu Muka Kunna Wutar Ba, Amma Gidanmu Take Ci

'Yan'uwa mazauna Sabo da Shasha da Bodija da sauran unguwannin Badun, iyayenmu maza da mata, barkanmu da Juma'a.

Akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu tun kafin ruwan shuka ya sauka a gida. Kowa a cikinmu ya san yanayi ya sake. Ba sai an kira masani ba, wayar da ake bugo mana daga ƙauye ma ta isa shaida: an yi shuka sau biyu ta ƙone, ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, kogi ya cinye shinkafar fadama, rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba ta ƙafe. Tambayar ita ce, mu da muka baro gona muka zo Kurmi neman abinci, me ya rage a wuyanmu game da wannan al'amari? In mun tura ɗan abin da ya samu ta waya, shi ke nan mun fita?

Bari mu fara da abin da yake faruwa, don kada mu yi magana a kan iska. Fari da yunwa ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ga Kakalaba a 1914, dattawan da ke sahun gaba a masallacin nan sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. A waɗannan shekarun ne Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye ya bar mafi yawan gaɓarsa tudu. Bayan nan ruwa ya dawo, amma da sabon hali. Sai a yi sati uku sama ta yi tsit, sannan a sauke na wata guda a dare ɗaya. Masana sun yi bayanin dalili: hayaƙin man fetur da gas da kwal da duniya take ƙonawa fiye da shekara ɗari yana taruwa a sama, ya zama kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita yadda ya saba. Iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar danshi, shi ya sa idan ta tashi saki take saki gaba ɗaya. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A goman ƙarshe na azumin shekarar, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48 da rabi, mutane na riƙe da baki.

Mu 'yan kasuwa mun ga abin a kan hanyarmu. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, tireloli suka yi kwanaki cirko-cirko a wajen Lokoja. A Satumbar 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. A ƙarshen Mayun 2025, ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah, ruwa ya afka wa Mokwa, garin da kayanmu suke bi kafin su haye Jebba, ya tafi da rayuka fiye da 150, da yawansu a Unguwar Hausawa da Tiffin Maza. Allah Ya jiƙansu. Masu tumatir ba su manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da manoman Kano suke kira sharon ta share gonaki, ita kuwa zafi ne abincinta. Gaskiya ne akwai sakacin hukuma a cikin wasu daga waɗannan, madatsar da ba a gyara ba, magudanar da aka bari ta toshe. Amma sakaci ya daɗe tare da mu, ruwan ne ya ƙara nauyi har bangon ya kasa.

To wannan shi ne wanda ake gani a labarai. Wanda ba a gani ya fi shi zurfi, domin a cikin ɗaki yake faruwa. Ku duba kalmar cirani. Asalinta cin rani ne: mutum ya gama girbi, ya cika rumbu, ya fito ya rage wa gida baki ɗaya, da ya ji ƙamshin bazara sai ya ɗaure kayansa ya koma. Yau cin rani ya zama cin shekara. Yaran da suke sauka daga kan tirela a Shasha da Akinyele ba su da ranar komawa, don gonar da za su koma wa ba ta riƙe gida wata shida. Magidanci ya yi shekara biyu bai taka gida ba, ba don ba ya so ba, kuɗin motar ne ya ga gara ya tura a sayi masara. Matarsa ce uba, ita ce uwa, ita ke neman ruwa da itace, ita ke rarrashin surukai. Yarinya ta bar makaranta saboda rijiyar da ke da ruwa ta yi nisa. Yaro an tura shi gabas karatu, ana cewa don Alƙur'ani ne, alhali kowa ya san tukunya ce ta yi ƙanƙanta. An jinginar da gona, an sayar da shanun huɗa, an aurar da wadda ba ta isa ba don a rage baki. Aure nawa ya mutu a kan abin da aka kira rashin jituwa, alhali rumbu ne ya fara mutuwa? Sauyin yanayi kan fara a sama, amma a murhu yake ƙarewa.

Idan aka kawo wannan magana a majalisa bayan la'asar, amsa biyu ake ji. Ta farko: ai daga Allah ne. Ta biyu: ai ba mu muka jawo ba. Dukansu gaskiya ne, shi ya sa suke da haɗari, domin babu abin da ya kai gaskiya daɗin fakewa.

Daga Allah ne, babu musu. Ruwa nasa ne, rana tasa ce. Amma ciwo ma daga Allah ne, kuma ba mu taɓa ganin wanda ɗansa ya kwanta ya ƙi nema masa magani ba. Ribar kasuwa ma daga Allah ce, amma babu wanda yake kwana har hantsi ya ce rabonsa zai same shi a kan tabarma. Ashe mun san yadda ake haɗa tawakkali da tashin asuba idan aljihu ne. Me ya sa sai a kan ƙasa da itatuwa da ruwa muke ajiye rabi mu riƙe rabi? A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya kama Madina da kewayenta, har ana kiran shekarar da sunan toka. Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas baffan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'a. Kafin nan da bayan nan kuma ya rubuta wa gwamnoninsa, ayarin abinci suka shigo, aka ɗora tukwane ana ciyar da mutanen ƙauye da suka kwararo birni, ya jinkirta karɓar zakka, shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har jama'a su samu. Wanda ya fi mu sanin ƙaddara bai ɗauke ta a matsayin hutu ba.

Ta biyun ta fi wuyar amsawa. Ba mu muka jawo ba, haka ne. Duk nahiyar Afirka hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Masana'antun Ingila da Amurka da Jamus ne suka daɗe suna cika sama, yau kuma Sin ce a gaba. Tsohuwar da ke Gumel ko Illela, wadda ba ta taɓa kunna fanka ba, ita ke biyan bashin da ba ta ci ba. Wannan zalunci ne, kuma bai kamata mu gaji da faɗinsa ba. An yi yarjejeniya a Paris a 2015, an amince a Masar a 2022 cewa za a kafa asusun taimaka wa ƙasashen da abin ya fi yi wa ɓarna. Har a gida, gas ɗin da ake ƙonawa a banza a yankin Neja Delta hakki ne a wuyan kamfanoni da hukuma. Duk wanda ya zo neman ƙuri'armu ya kamata ya ji tambaya a kan madatsun ruwa da magudanai da shirin nan na katangar itatuwa da aka ce za ta ratsa jihohi 11 na Arewa.

Amma a nan ne ya kamata mu rarrabe abu biyu da muka saba cakuɗawa: laifi daban, nauyi daban. Laifi na wanda ya yi ɓarna ne. Nauyi kuwa na wanda abin yake hannunsa ne. Idan wuta ta tashi daga gidan maƙwabci ta kama dangarka, laifinsa ne, kuma gobe za ku je gaban mai unguwa. Amma daren nan wa zai ɗauki bokiti? Wanda ya tsaya a tsakar gida yana rantsuwa ba shi ya kunna ba, ya yi gaskiya, kuma zai kwana a toka. Marayan da ɗan'uwanka ya bari ba kai ka kashe ubansa ba, amma kai za a tambaya in ya kwana da yunwa. Yawancin abin da ke wuyan mutum a duniya haka yake: ba shi ya jawo ba, shi dai aka ba.

Kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya, hannunmu bai fita tas ba. Ba mu muka ɗumama duniya ba, amma mun taimaka wajen tuɓe wa ƙasarmu riga a daidai lokacin da rana ta ƙara zafi. Gona mai itatuwa tana riƙe danshi, tana karya iska, ruwa in ya sauka yana samun inda zai nutse. Gonar da aka aske ƙwal, ruwan dare ɗaya ya isa ya kwashe mata fuska. Sau nawa ɗayanmu ya buga waya gida ya ce a sare ɗorawar nan ko kaɗanyar nan a sayar, biki ya matso? Itacen da kakanmu ya bari, wanda mata suke samun kalwa da man kaɗe daga gare shi duk shekara, mun mayar da shi kuɗin anko na kwana ɗaya. Gawayin da masu tsire da masu shayi da matanmu suke amfani da shi a nan, daga dazukan Oke-Ogun da Kwara da Neja yake fitowa, kuma a cikinmu akwai masu fataucinsa. Ba mu ce sana'arsu haramun ce ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gidaje da yawa sun ajiye tukunyar gas sun koma gawayi ba don suna so ba. Amma mai sayen buhu ɗari yana da bakin tambaya: wannan daga ina, ɗanye aka sare ko busasshe, wa yake dasa madadinsa? Mai goro ya san asalin kowane huhu da ya saya. Mai gawayi ma zai iya sani in ya ga dama.

A nan inda muke zaune ma akwai namu. Mutanen garin nan ba su manta da ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba, balle ta Agustan 2011 da ta ci fiye da mutum 100. Duk ledar da muka jefa a kwata, duk ruɓaɓɓen kayan gwari da muka tura lambatu da dare, yana jiran ranar da za a yi ruwa mai ƙarfi ya dawo mana da shi ɗaki, mu da maƙwabtanmu Yarabawa baki ɗaya. Baƙon da ya wuce shekara ɗari a gari, tun da aka kafa Sabo a 1916, ai ya wuce a ce masa baƙo a wajen shara.

Akwai kuma jarrabawar da ta keɓanta da mu 'yan kasuwa, wadda ba a cika son taɓawa ba. Shekarar da damina ta ɓaci, manomi kuka yake yi, amma mai kuɗi a hannu dama yake gani. A saye da kaka da arha, a kulle sito, a jira Yuli da Agusta lokacin da rumbuna suka ƙare, a fitar a ninka. Ko a ba ɗan'uwa bashi da damina, yana cikin matsi, a kan zai biya da buhu a farashin da shi kansa ya san an danne shi. Ajiye abinci ba laifi ba ne. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shekara bakwai ya yi yana tarawa. Mai ɓoye abinci ma tarawa yake yi. Daga waje rumbunansu iri ɗaya ne. Bambancin yana ga ranar buɗewa: ɗaya ya buɗe da yunwa ta zo don mutane su rayu, ɗayan ya ƙara kwaɗo yana jira ta ƙara tsanani. Kowa ya san wanne ne shi, ba sai an nuna shi da yatsa ba. Abin tsoron shi ne, irin waɗannan shekaru za su yawaita, jarrabawar kuma za ta riƙa dawowa.

To me iyali guda za su iya? Kada wani ya ce mana ƙarami ne. Ku tambayi 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da muke sahu ɗaya da su. Bayan farin shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili fetal. Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin toho biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture, suna rage sauran, suna kare su daga awaki. Suka sa masa suna sassabin zamani. Babu famfo, babu kwangila, babu motar gwamnati. Gida-gida abin ya bazu, har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne, itacen da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya taki ƙasa, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. A wajen Tawa kuma suka farfaɗo da ƙasar da ta zama faƙo da 'yan ramukan nan da suke kira tassa, a zuba taki a ciki, ruwa ya taru a gindin shuka. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ta fi tamu bushewa.

Mu da muke nan ba za mu riƙe fartanya ba, amma muna riƙe da abin da ya fi ƙaranci a ƙauye, wato kuɗi a lokacin da ake buƙatarsa. Gaskiyar magana, mu ne rumbun gidajenmu yanzu. Sai dai yawancin abin da muke turawa kuɗin jaje ne, bayan ɓarna ta auku. Naira dubu ashirin da ta isa gida kafin shuka ta fi dubu hamsin da ta isa bayan gona ta lalace. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, jiha-jiha, yaushe ake sa ran ruwa zai zauna, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron tsaikonsa. Mu da muke da manyan wayoyi, mu nema, mu kira gida mu faɗa, kada a binne iri a kan ruwan farko mai yaudara. Akwai iri mai saurin nuna, na gero irin su sosat, na wake da masara daga cibiyar bincike ta Samaru, da IITA da ke nan garin a kan hanyar Oyo. Akwai buhun nan mai ruɓi uku da ke hana wake ƙwari ba tare da an zuba masa guba ba. Waɗannan su ne kayan tsarabar da suka fi turmin atamfa. Kuma idan za mu yanke shawarar abin da za a yi da kuɗin, a sa matan gida a ciki. Su suka san tiya nawa ake ci a rana, su suka san ranar da rumbu zai ƙare, su ke tafiyar ruwa da itace. Murhu mai cin itace kaɗan da aka saya wa uwa ko mata, ya rage mata tafiya, ya rage mata hayaƙi a ƙirji, ya bar itace guda a tsaye.

Sannan mu kanmu. Kuɗi ba ya zama uba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ƙayyade wa mayaƙa 'yan watanni, bayansu dole mutum ya koma ga iyalinsa. In masu jihadi ba a bar su sun yi shekara ba, ina ga mai tura baro ko mai sayar da albasa? Iyayen gida da suke riƙe da yara a shaguna da rumfuna, a tsara musu lokacin zuwa gida, a taimaka da kuɗin mota, wannan ma sadaka ce. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda Yarabancinsu ya fi Hausarsu, a kai su gida da damina ko sau ɗaya, su ga inda tuwo yake fitowa, a nuna musu iyakar gonar kakansu. Yaron da bai taɓa shan inuwar itace ba, ranar da gado ya faɗo hannunsa ta waya zai sayar da shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu iya magana. Ƙasa ma haka take.

Ba mu ce wannan zai sanyaya duniya ba. Ko kowane Bahaushe ya dasa itace goma, in manyan ƙasashe ba su rage hayaƙinsu ba zafin zai ci gaba. Amma ba a tambayar mutum abin da ya fi ƙarfinsa, ana tambayarsa abin da aka damƙa masa. Manzon Allah ya koyar da cewa ko tashin ƙiyama ne ya zo ya tarar da mutum da dashe a hannu, in zai iya dasawa ya dasa. Wanda aka faɗa wa haka ba a yi masa alkawarin zai sha inuwa ba.

Don haka kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya kira gida. Bayan gaisuwa, kada a tsaya a kan nawa ake so. A tambaya: wane iri za a shuka bana, itatuwa nawa suka rage a gonarmu, wa yake ɗebo ruwa kuma daga ina, wace yarinya ce ta daina zuwa makaranta. Masu adashi da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, a duba ko za a ware kwasa ɗaya ta zama ta iri da gyaran rijiya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu sito kuma su tuna da ranar buɗewa tun yanzu, kafin farashi ya fara yi musu raɗa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga fari da ambaliya, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya haɗa kowane magidanci da iyalinsa cikin rufin asiri. Amin. Wassalamu alaikum.